Hankali ke Gani ko Ido? Nazari kan Tushen Ilimin Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

Akwai karin magana guda biyu a bakin Hausawa waɗanda in aka jera su wuri ɗaya sai a ga kamar suna karo da juna. Ɗaya na cewa gani ya kori ji, wato abin da ido ya shaida shi ne ke raba gardama. Ɗayan kuwa cewa yake yi hankali ke gani, ido gululu ne. Wannan saɓani da magabatanmu suka dunƙule cikin kalmomi kaɗan shi ne masana falsafa suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna kai-komo a kansa. Tambayar ita ce: daga ina ilimin mutum yake fitowa? Shin hankali ne ke zuwa duniya da wani guzuri nasa na sani, ko kuwa duk abin da muka sani ta ƙofar ido da kunne da hanci da harshe da fata ya shigo?

Wannan maƙala za ta bi sawun manyan mazhabobi biyu da suka amsa tambayar, sannan ta tsaya a kan wata matsala guda, ta makahon da aka buɗe wa ido, wadda aka jefa wa masana a 1688 amma ba a sami damar gwada ta yadda ya kamata ba sai a 2011. Domin sauƙin bayani, za a kira ji da gani da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa da sunan "kafofi". Masu fifita hankali za a kira su 'yan mazhabar hankali, masu fifita kafofi kuma 'yan mazhabar kafofi.

2.0 Mazhabar Hankali

Jagoran wannan mazhaba shi ne Aflatun, mutumin birnin Atina na ƙasar Girka, wanda ya rasu wajen shekara ta 348 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikin littafinsa mai suna Meno ya kawo labarin malaminsa Sukurat da wani yaro bawa wanda bai taɓa koyon lissafi ba. An zana wa yaron murabba'i a ƙasa, aka ce ya samo wani wanda ya ninka shi faɗi sau biyu. Da farko yaron ya ce a ninka tsawon kowane gefe, sai aka nuna masa cewa hakan ninki huɗu zai haifar. Da tambayoyi kawai Sukurat ya bi da shi har ya gane da kansa cewa layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne gefen murabba'in da ake nema. Hujjar Aflatun ita ce ba wanda ya zuba wa yaron amsa, saboda haka tana cikinsa tun asali, koyo kuwa tuni ne.

A duniyar Musulunci, Ibn Sina (980–1037) ya kawo misalin mutumin da aka halitta farat ɗaya yana rataye a sarari, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin ko motsin iska. A ganin Ibn Sina, wannan mutum ba zai san yana da hannu ko ƙafa ba, amma ba zai yi shakkar samuwar kansa ba. Ke nan akwai aƙalla sani guda ɗaya wanda bai bi ta kafofi ba.

Bayan ƙarni shida, Dekart na ƙasar Faransa (1596–1650) ya bi wata hanya mai kama da wannan a littafin da ya fitar a 1641. Ya ƙuduri aniyar watsi da duk abin da shakka za ta iya shiga, sai ya tarar kafofi sukan yi ƙarya, mafarki ma yakan zo tamkar farke, amma mai yin shakka ba zai iya shakkar cewa shi akwai shi ba. Ya kuma ba da misali da kakin zuma. Yana da ƙanshi da launi da tauri, in an ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara. Da an kai shi kusa da wuta duk waɗannan siffofi sai su sauya, amma kowa ya san kakin nan ne dai. Tunda duk abin da kafofi suka shaida ya gushe, Dekart ya ce hankali ne ya yanke hukuncin cewa abin bai zama wani ba.

Babban makamin wannan mazhaba shi ne lissafi. Ba wanda ya taɓa ƙidaya duwatsu miliyan biyu ya haɗa da wasu miliyan biyu, duk da haka ba mai tantama cewa miliyan huɗu za su ba da. Ido yana iya shaida abin da ya faru sau ɗaya ko sau dubu, amma ba ya iya shaida cewa tilas ne abu ya kasance haka har abada.

3.0 Mazhabar Kafofi

Ɗalibin Aflatun, wato Aristotal (384–322 kafin haihuwar Annabi Isa), shi ya fara saɓa wa malaminsa. Ya kwatanta hankali da allon da ba a riga an yi rubutu a kansa ba, ya ce daga abin da kafofi suka riska ake samun tunawa, daga tunawa mai yawa ake samun gogewa, daga gogewa kuma ake ciro ƙa'ida. Ibn Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a Marrakesh a 1185, ya gina labarinsa na Hayyu bin Yaƙzan a kan jaririn da barewa ta rena a tsibirin da babu mutane, wanda da lura da gwaji ya fara gano yadda jiki da wuta da taurari suke aiki, kafin ya hau zuwa tunani mai zurfi. An fassara littafin zuwa Latin a birnin Okosfod a 1671.

Wanda ya tsara mazhabar tsaf shi ne Jon Lok na Ingila (1632–1704), a littafinsa kan fahimtar ɗan'adam mai ɗauke da shekarar 1690. Lok ya ce da a ce akwai ƙa'idojin da aka haifi kowa da su, da yara ƙanana sun san su, alhali ba su sani ba sai an koya musu. A wurinsa zuciyar jariri farar takarda ce, kuma hanya biyu kaɗai rubutu ke hawa kanta: abin da kafofi suka kawo daga waje, da abin da mutum ya lura da shi na aikin zuciyarsa, kamar tunani da so da shakka.

Dauda Hiyum na Sikotilan (1711–1776) ya ja wannan ra'ayi har iyakarsa. Ya ce mutum na farko, komai kaifin hankalinsa, ba zai kalli ruwa ya gane cewa yana iya shaƙe shi ba, sai ya gani ko ya gwada. Haka kuma, in muka ce wannan ne ya haddasa wancan, abin da ido ya gani shi ne abu ɗaya ya biyo bayan wani, sau da yawa. Igiyar tilas da ke ɗaure su ba a taɓa ganin ta ba, sabo ne ke sa mu tsammace ta. Bahaushe ma ya lura da ƙarfin sabo da ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin lura a nan shi ne Imam al-Gazali (1058–1111) ya riga Hiyum da fiye da shekara ɗari shida wajen kawo irin wannan hujja. A cikin Tahafutul Falasifa ya ce in auduga ta haɗu da wuta, abin da aka gani shi ne ƙuna ya auku a lokacin haɗuwar, ba a ga cewa wuta ce ta wajabta shi ba. Sai dai manufarsu ta bambanta, domin al-Gazali ya mayar da al'amarin ga ikon Allah, Hiyum kuwa ya tsaya ga ɗabi'ar zuciyar mutum. Ɗaliban tauhidi a zaurukan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan rabe-rabe ta hanyar littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, inda aka bambanta hukuncin hankali, mai kasuwa zuwa wajibi da mustahili da ja'izi, da hukuncin al'ada, wanda maimaituwa ce ke kafa shi kuma yana iya saɓawa.

4.0 Raunin Kowane Ɓangare

Kafofi suna ruɗi. Al-Gazali, a cikin al-Munƙiz minal Dalal, ya ba da misali da inuwa, wadda ido ke gani a tsaye cik alhali tafiya take yi a hankali, da kuma tauraro, wanda ido ke gani kamar ɗan dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Ban da ruɗi, yawan gani ba ya haifar da yaƙini. Akwai wani tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, wanda Turawa suka yi ƙarnoni suna ganin farinsa kaɗai har suka ɗauka babu baƙi, sai a 1697 matuƙan jirgin ruwa daga Holan suka iske baƙaƙe a yammacin Ostireliya.

Hankali ma ba ya tsira in ya kaɗaita. Fiye da shekara dubu biyu masana suna ɗaukar ilimin zane na Iƙilidis a matsayin bayanin sararin samaniya wanda ba ya karɓar musu. A 1829 Lobachevsky na Rasha ya wallafa wani tsarin da ya saɓa wa ɗaya daga tubalan Iƙilidis ba tare da ya yi karo da kansa ba, Riemann na Jamus kuma ya faɗaɗa fagen a 1854. Tunda tsari ya zama fiye da ɗaya, hankali shi kaɗai ba zai iya faɗin wanne ne ya dace da duniyar da muke ciki ba. Sai da Ainistain ya kawo nazarinsa a 1915, aka kuma auna karkatar hasken taurari lokacin husufin rana na 29 ga Mayu 1919, a tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini da kuma garin Sobral na Barazil, sannan aka sami shaida cewa sarari yana lanƙwasa kusa da abu mai nauyi kamar rana.

Kant (1724–1804), mutumin Konisbag, ya yi ƙoƙarin sulhu a 1781. Ya yarda cewa duk ilimi da riskar kafofi yake farawa, amma ya ce wannan bai nuna duka daga gare ta ya fito ba. Kafofi ne ke kawo kaya, hankali kuwa yana da ma'aunai nasa, kamar lokaci da wuri da sababi, waɗanda da su yake tsara abin da aka kawo. Kafin shi, Laibniz (1646–1716) ya mayar wa Lok martani cewa zuciya ta fi kama da dutse mai jijiyoyi, wanda jijiyoyinsa ke nuna siffar da za ta fito in an sassaƙa.

5.0 Matsalar Makahon da Aka Buɗe wa Ido

Ranar 7 ga Yuli 1688 wani masani ɗan birnin Dablin mai suna William Molyneux, wanda matarsa ta makance ba da daɗewa da aurensu ba, ya rubuta wa Lok wasiƙa. Bai sami amsa ba, sai ya sake aikawa a 1693, Lok kuma ya sa tambayar a bugu na biyu na littafinsa a 1694. Ga yadda take. A ɗauka an haifi mutum makaho, ya koyi bambanta ƙwallo da dunƙule mai fuska shida, irin ƙwayar sukari, ta hanyar lalube. In aka buɗe masa ido, aka ajiye su a kan tebur, zai iya faɗin wanne ne wanne tun kafin ya taɓa?

Muhimmancin tambayar a fili yake. In hankali yana riƙe da ma'anar kusurwa da ta kewaye a matsayin abu guda wanda bai rataya ga wata kafa ba, to makahon zai gane nan take. In kuwa abin da hannu ya koya na hannu ne kaɗai, sai ido ya yi nasa karatun daga farko. Molyneux da Lok sun ce ba zai gane ba, Berkeley ma ya goyi bayansu a 1709. Laibniz ya ce zai gane, muddin an gaya masa cewa abubuwan nan biyu ne a gabansa, domin zai yi tunani cewa ɗaya yana da kusurwa takwas, ɗayan kuwa ko'ina daidai yake.

A 1728 wani likitan tiyata na Landan, William Cheselden, ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu da ya cire wa yanar ido. Yaron ya ce da farko ji ya yi kamar duk abin da yake gani yana taɓa idonsa, kuma ya riƙa rikita kyanwa da kare har sai ya kama kyanwar ya shafa ta. 'Yan mazhabar kafofi suka ce magana ta ƙare. Amma wasu, ciki har da Diderot na Faransa a 1749, sun ja hankali cewa idon da aka yi wa aiki jiya bai warke ba, don haka gazawar yaron tana iya zama ta ido, ba ta fahimta ba.

Wannan shubuha ce binciken da aka wallafa a 2011 ya kawar. Richard Held da Pawan Sinha da abokan aikinsu, a ƙarƙashin shirin Prakash mai yi wa yara makafi aiki a Indiya, sun gwada yara biyar 'yan shekara 8 zuwa 17 cikin awa 48 da buɗe musu ido. Sun yi amfani da ƙananan tubalan wasa masu siffofi daban-daban. In yaro ya taɓa abu aka ce ya zaɓo irinsa da hannu, ya dace kashi 98 cikin ɗari. In ya gani aka ce ya nuna irinsa da ido, ya dace kashi 92, wanda ya tabbatar cewa idon yana aiki. Amma in ya taɓa aka ce ya nuna da ido, sai kashi 58, wato kusan daidai da canki-in-canka tsakanin abu biyu. Har nan Lok ne ya yi gaskiya. Sai dai da aka sake gwada uku daga cikinsu daga baya, wani bayan kwana biyar kacal, sun haura kashi 80 ba tare da an yi musu wani darasi ba. Haɗin ido da hannu koyon sa ake yi, amma saurin koyon ya nuna ƙwaƙwalwa a shirye take tun can ta ƙulla wannan haɗi.

Abin sha'awa, Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya faɗi kusan haka a Kitabul Manazir. A bayaninsa, haske da launi kaɗai ido ke riska da kansa. Nisa da girma da siffa kuwa hukunci ne da zuciya ke yankewa ta hanyar kwatance da tuna abin da aka saba gani, da sauri irin wanda mai gani ba ya lura ya yi shi.

6.0 Shaidar Harshe

Ga manazarcin harshe, wannan muhawara ta gida ce. A 1957 B. F. Skinner ya bayyana koyon magana a matsayin sabo da lada ke ƙarfafawa. A 1959 Noam Chomsky ya yi masa raddi cewa yaro yana furta jimlolin da bai taɓa ji ba, don haka akwai wani shiri na nahawu da aka haife shi da shi. Har yau masana ba su haɗu a kan girman wannan shiri ba, amma ikon ciro ƙa'ida a bayyane yake. Da kalmar kwamfuta ta shigo Hausa, ba wani kwamiti da ya zauna kafin mutane su ce kwamfutoci, a kan awon mota da motoci, taga da tagogi. Kunne ya ji misalai, hankali ya ciro awo ya ɗora wa baƙuwar kalma.

Ta fuskar furuci kuwa, binciken Janet Werker da Richard Tees na 1984 a Kanada ya nuna jariran gidajen masu Ingilishi 'yan wata shida zuwa takwas suna bambanta wasu baƙaƙen harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin ƙasar, amma zuwa wata goma ko sha biyu wannan iko ya ragu ƙwarai. Ke nan jariri yana zuwa da kunne mai faɗi, harshen gida ne ke taƙaita shi. Duk malamin da ke koyar da Hausa a inda ba harshen gari ba ce ya san wannan a aji. Ɗalibi mai kaifin basira zai iya haddace bayanin yadda ake furta k da ƙ, ya rubuta shi daidai a jarrabawa, amma in aka ce baki na magana da baƙi na gida sai ya ji kalma ɗaya. Bayani ba ya wadatar da shi, sai an yi ta jiyar da shi har kunnen ya sake buɗewa.

Ita kanta Hausa ta ɗauki wani matsayi a cikin kalmominta. Aikatau guda, wato ji, shi ke ɗaukar ƙara da wari da ɗaci da sanyi, shi ne kuma ke ɗaukar fahimta, kamar a ce wane yana jin Larabci, ko yaron nan ba ya jin magana. Gani ma haka, domin in mutum ya ce a ganina, ra'ayi yake nufi. Wannan ba hujja ce ta falsafa ba, amma yana nuna masu harshen ba su gina katanga tsakanin riska da ganewa ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowace mazhaba ta riƙe wani yanki na gaskiya. Zancen farar takarda bai tsaya ba, domin jariri yana zuwa da shirin rarrabe sautuka da na ciro ƙa'ida. Zancen ilimin da aka haifi mutum da shi cikakke ma bai tsaya ba, domin yaran Indiya ba su gane da ido abin da hannunsu ya sani ba sai da suka yi kwanaki suna kallo. Tambayar da ta rage wa masu bincike ita ce wane irin shiri ake zuwa da shi, wace irin gogewa yake bukata, kuma a wane lokaci.

Batun lokaci yana da nauyi a aikace. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna a 1963 cewa in aka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa a watanninsa na farko, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙon wannan ido ba ya ginuwa daidai ko da an buɗe daga baya. Aikin ya kai su ga lambar Nobel a 1981, kuma yana cikin dalilan da suka sa likitoci ke gaggauta yi wa jaririn da aka haifa da yanar ido aiki tun yana ɗan makonni. Haka nan a makaranta, malamin da ya cika ɗalibi da ƙa'idoji ba tare da misalin da zai gani ko ya ji ba, da wanda ya tara masa misalai bai bar shi ya nemo ƙa'idar da kansa ba, dukansu rabin aiki suka yi. A fannin koyar da harsunan Nijeriya, wannan yana nufin a fara jiyar da yaro harshen maƙwabcinsa tun a ajin farko na firamare, lokacin da kunnensa bai gama rufewa ba, a bar nahawu ya biyo baya.